Kimba da Ƙafar Kumandan

Duk Dakoro, daga tasha har kasuwar dabbobi, ba wanda bai san Baba Kimba da motonshi ba. In idonka bai san su ba, kunnenka ya san su, don in moton nan ya tashi, kaji barin ƙwai suke su hau katanga. Wani tsohon baƙin moto ne, babur mai ƙaton tanki, tun na zamanin da Kimba ke kai takardu a ofishin likitan dabbobi. Wani Bature ne ya bar mashi shi da zai koma ƙasarsu. Kimba na cewa kyautar girmamawa ce. Mutanen unguwa na cewa Baturen ya rasa mai ɗauka ne. Sunan moton Kumandan.

To, Kumandan na da aibu guda. Ƙafar tsakiya, wannan mai reshe biyu da ake takawa a ja moto baya ya hau ya tsaya cak, tsatsa ta cinye ta shekara uku da suka wuce. Tun daga nan Kumandan bai ƙara tsayuwa da kanshi ba. Sai jingina. A jingina shi ga katanga, a jingina shi ga icce, wata rana ma Kimba ya jingina shi ga wani bijimi da ke tsaye shina tuƙa, ya shiga gaisuwa. Bijimin ya gama tunaninshi ya yi gaba.

In an yi mashi magana sai ya ce, "Ku mi kuka sani? Babba ai kishingiɗa yake. Ƙananan motocinku na yanzu su ne masu tsayuwa kamar an kira su gaban alƙali."

Ana nan sai ran wata Litinin ya jingina Kumandan ga ginshiƙin rumfar matarshi Safi. Safi cuku take yi, ta shanya bisa rumfa, ta kai kasuwa. Cukun sati guda ne shimfiɗe a sama. Kimba na juya baya, ginshiƙi ya ce salamu alaikum, rumfa ta zo ƙasa, awaki suka ce sun gode.

Safi ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki mayafi ta bi shi har fada, gindin iccen da dattawan unguwa ke shan shayi, ta tsaya gaban kowa.

"Malam, gaban mutane nike so in faɗa, don kar gobe ka ce mafarki na yi."

"Ke Safi, maganar gida..."

"Gidan ai motonka ya rushe shi. Ran kasuwa, kafin la'asar, ko dai abin nan ya tsaya da ƙafarshi, ba katanga, ba icce, ba bijimin mutane, ko kuwa Cindo ya ɗora shi bisa amalanke ya kai shi inda yake kai sauran gawarwaki."

Cindo taubashin Kimba ne, sana'arshi sayen tsofaffin ƙarafa shina lodawa Maradi. Shekara goma shina lashe baki a kan Kumandan. Ya aje kofin shayi ya ce, "Allah shi yi maki albarka, Safi. Ni dama tankin nan nike so, ya yi daidai da kwamin shayar da tumaki."

Nan jinin Kimba ya hau. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Kwamin tumaki? Kai bawan gidanmu, Kumandan kake ce ma kwami? To ku shaida! Ran kasuwa zai tsaya nan, gindin iccen ga, da ƙafarshi!"

Cindo ya ce, "Tsayuwa iri-iri ce, tsoho. Ko mashayi shina tsayuwa kafin shi faɗi. Har yaushe?"

"Har a dafa shayi a sha na fari!"

Suka tafa gaban dattawa, aka shafa fatiha. Magana ta ƙullu.

Ran Laraba sabuwar ƙafa ta iso daga Maradi cikin motar kasuwa, ɗan Kimba da ke can ya tono ta wurin masu tsofaffin kaya. Ta zo da sandar ƙarfen da ake zura mata, da ɗan makullin da ke riƙe sandar, da resor, wato wannan murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle da ke ɗage ƙafa sama in ana tafiya. Kimba ya zagaya unguwa da ita a kafaɗa kamar wanda ya kashe zaki.

Zakiru makanike, wanda garejinshi ke kallon fada, ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota.

"Baba, kawo in sa maka. Kafin ka gama alwala na gama. Resor ɗin ne kawai ke da gardama, akwai dabararshi."

"Dabara? Ni za ka koya ma dabara? Yaro, ranar da na kwance injin motar kumandan na gaske, mai mulkin gari, tsakiyar daji, da cokali guda, ubanka bai fara tsiron gemu ba."

"To Baba, Allah shi ba da sa'a."

"Sa'a ta marasa ilimi ce. Ka dai buɗe ido ka yi karatu kyauta."

Bai taɓa aikin ba ran Laraba, bai taɓa ba ran Alhamis. Ya ce aikin gwani ba a yin shi a ɓoye, sai an taru. Ran kasuwa da hantsi, gari ya cika da baƙi, mutanen Rumbu da na Mai Yara na ta wucewa da jakuna da tumaki, sannan ya turo Kumandan gindin icce, ya shimfiɗa tabarma, ya jera kile uku na kwance noti, da awartaki, da turnabis na murɗa kusa, ya naɗe hannun riga.

Da fari abin ya tafi daidai, sai dai ya sa ƙafar a juye, gabanta na kallon baya.

Zakiru ya ce, "Baba, kamar ta juya."

"Gwada ka nike. Ashe kana gani."

Ya kwance, ya juya ta, ya zura sanda. Ya laluba ɗan makullin nan, babu. Ya faɗa cikin rairayi. Aka tona, aka sheƙe, har wata mai tallar fura ta ba da faifai, ba a gan shi ba. Kimba ya waiga, ya hangi tsinken tsire yashe a ƙasa, ya ɗauka ya lasa, ya cusa cikin ramin ya karye saura.

Cindo ya ce, "Tsoho, tsinken tsire?"

"Icce ba ya tsatsa. Turawa ba su kai nan a karatu ba."

Sai resor. Ya maƙala kai guda jikin moto, ya jawo ɗayan zuwa ƙugiyar da ke jikin ƙafa. Saura yatsa biyu ya kai. Yatsa biyu tak! Kimba ya ja da hannu, resor ya ce ban san ka ba. Ya cije leɓe ya ƙara ja, jijiyoyin wuya suka fito, wani abu ya yi ƙara, amma ba daga moto ba. Mutanen da ke bayanshi suka matsa.

"Takalmina ne," in ji Kimba.

"Takalminka ya ci wake," in ji Cindo.

Ya ɗauko awartaki ya damƙi resor, ya kafa ƙafa ga taya, ya ja iya ƙarfinshi. Awartaki ya zame. Kimba ya tafi da baya ya zauna daram cikin kwandon wani mai tumatir. Ya tashi da jan gindi, mai tumatir na salati.

"Kar ka damu, ɗana, na rage maka aikin niƙa."

Ya koma ga turnabis. Ya saƙala resor jikinshi, ya dogara bakin ga ƙugiya, ya banƙara. Resor ya miƙe, ya miƙe, saura ƙiris, kowa ya riƙe numfashi. Sai fiuuu! Ya tashi sama, ya cire hular Cindo, ya daki butar shayi, ya tsallake katanga. Can cikin gida aka ji wata tsohuwa ta kurma ihu: "Wane la'ananne ne ya jefa mani maciji cikin miya?"

Aka karɓo resor da ban haƙuri, shina ɗigar kuka. Kimba ya share shi da gefen riga ya ce, "Madalla. Dama maiƙo yake buƙata."

Yanzu fa taro ya yi taro. Masu zuwa kasuwa sun fasa, masu dawowa sun tsaya. Wani ma ya hau bisa jakinshi tsaye don shi gani da kyau. Rana ta take tsaka, aka je masallaci aka dawo, resor na nan da yatsa biyunshi. Cindo ya tafi ya ɗauro amalanke, ya kawo ya tsayar daf da tabarma, jaki na kallon Kumandan.

Zakiru ya matso ya rage murya. "Baba, don Allah bari in sa. Ba wanda zai ce komi. Lanƙwasa shi ake ana cusa ƴan ƙarafa tsakanin murɗin har shi ƙara tsawo. Kar ka rasa moton ga a banza."

Kimba ya dubi amalanke, ya dubi Kumandan. Shekara arba'in ke nan bai taɓa zuwa ko'ina a ƙasa ba, ko gidan maƙwabci. Har ya buɗe baki zai ce to. Sai Cindo ya ɗaga murya:

"Jama'a, ku matso! Mai cokali zai karɓi darasi!"

Shi ke nan. Kimba ya ture Zakiru. "Wa ya kira ka? Wannan ba aikin cushe-cushe ba ne, aikin ƙarfi ne. Ƙarfi kuwa..."

Idonshi ya sauka kan Rhissa. Rhissa wani makiyayi ne Ba'abzine, tsohon abokin cinikin Safi, shi ke kawo mata madara. Shina tsaye bayan taro da rawaninshi, riƙe da akalar wani jibgegen raƙumi, doguwar igiyar rijiya naɗe a gefen sirdi.

"Rhissa! Allah ne ya kawo ka. Ara mani raƙuminka shi ja mani yatsa biyu."

Rhissa ya girgiza kai. "Kimba aboki, wanga raƙumin rijiya ne. Bai san yatsa biyu ba. Rijiyarmu gaba sittin ce. In ya ji nauyi ga igiya, tafiya yake."

"In ya kai sai in ce mashi tsaya."

"Ba ya jin Hausa."

"To ka faɗa mashi da Tamashek."

"Ko ni ba ya saurare in shina aiki. Igiya yake saurare. Sai an juye wasaki, gugan nan na fata, ya ji igiya ta yi sako-sako, sannan shi tsaya shi juyo. Haka ya saba tun shina ƙarami."

Kimba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ku ji fa! Ni da na sarrafa injin doki goma sha biyu, raƙumi guda zai gagare ni? Ɗaura!"

Mutane suka ce ɗaura, ɗaura, don ba wanda ke son wasan shi ƙare. Rhissa ya ce, "Ku shaida na faɗa." Aka ƙulla igiya ga bakin resor, aka kai raƙumi bayan moto, don ta baya za a ja. Kimba ya haye Kumandan, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya damƙe birki.

"Ni ne turke. Kai Zakiru, tunda kana son aiki, duƙa nan. In ya kai ƙugiya ka tura shi da yatsa. Wannan ko makaho ya iya. Rhissa, sake shi!"

Rhissa ya yi wata ƴar tsawa. Raƙumi ya ɗaga kai, ya taka sau ɗaya. Igiya ta miƙe. Resor da ya gagari dattijo tun hantsi ya buɗe kamar bakin mai hamma.

Zakiru ya yi ihu, "Ya kai! Ya kai! Tsaya!"

Kimba ya ce, "Tsaya!"

Raƙumi ya taka na biyu.

"Ya wuce, Baba! Ya wuce da taƙi guda!"

"Na ce tsaya, kai ɗan jakar uba!"

Raƙumi ya taka na uku, ya ji nauyi sosai, ya ce a ranshi yau wasaki ya cika. Ya sa ƙirji. Resor ya warware ya koma doguwar waya, Zakiru ya yi tsalle gefe, Kumandan ya fara tafiya da baya, Kimba na bisa, ƙafafunshi na jan layi biyu cikin rairayi.

To ga abin mamaki. Ƙafar nan da ba ta da resor tana lilo a ƙasa. Da aka ja moto baya sai ta caki ƙasa, ta kafe, Kumandan ya yi sama ya hau kanta garam! Ya tsaya cak, tayar baya na juyawa a iska.

Wuri ya kaure. "Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

Kimba ya saki kan moto, ya ɗaga hannu biyu sama. "Ku dafa shayi! Cindo, ina kake? Ku hura wuta! Ku..."

Shi kuwa raƙumi, abin da ya sani, in igiya ta cije, to wasaki ne ya maƙale a bakin rijiya, magani kuwa a fizga. Ya fizga.

Tsinken tsire ya ce ƙaras. Sanda ta fice. Ƙafa ta tsaya inda take, a kafe cikin ƙasa, Kumandan ya tsallake ta ya dira, ya bi raƙumi da gudu, da baya, Kimba ya rungume tanki shina kallon fada tana nisa.

Ihun mutane ya firgita raƙumi, ya bar tafiyar rijiya ya kama sassarfa, ya miƙe hanyar kasuwa. Rhissa na biye da gudu, rawani na warwarewa, shina zuba Tamashek. Bayanshi Zakiru, bayan Zakiru duk fada, bayan fada Cindo bisa amalanke shina dukan jaki shina kuka don dariya.

"Ku kauce! Ba ni da ido a ƙeya!" in ji Kimba.

Suka ratsa masu tabarmi. Suka ratsa masu kanwa. Wata akuya ta tsallake igiya, mai ita bai tsallake ba. Wani Bafillace da ke cinikin sa ya bi su da kallo ya ce ma dillali, "Yanzu kuma haka ake tafiya a birni?"

Wani ya ƙwala, "Baba Kimba, ina zuwa?"

"Gwaji nike! Giyar baya na sa mashi!"

"Taka birki mana!"

"Ka faɗa ma raƙumin!"

Daidai layin masu cuku wayar nan ta gaji da duniya ta tsinke. Igiya ta yi sako-sako. Nan take raƙumi ya tsaya, ya juyo a natse kamar yadda ya saba, ya tako ya wuce Kimba ko kallo bai yi mashi ba, ya nufi inda ya fito don a sake zura wasaki.

Kumandan ya ƙara gangarawa taku biyar shi kaɗai, ya yi jim kamar mai tunani, sannan ya kwanta a gefenshi, a hankali, da Kimba da komi, daf da tabarmar wata mai cuku. Kimba ya ɗaga kai daga ƙasa. Safi ce.

Ta dube shi, ta dubi moto, ta gyara jerin cukunta. Can masallacin kasuwa ladan ya ɗaga murya, la'asar ta yi.

"Sannu da zuwa, Malam."

Kimba ya zaro ƙafarshi daga ƙarƙashin tanki, ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Hula babu, takalmi guda.

"Safi, ya tsaya. Tambayi kowa. Duk Dakoro ta gani."

Ta juya ga dattawan fada da suka iso suna haki. "Ya tsaya?"

Babbansu ya ce, "Tsakani da Allah, ya tsaya."

"Kun sha shayin?"

"Ko ashana ba a kai ga ƙyastawa ba."

Cindo ya sauko daga amalanke shina share hawaye. "Atishawa na yi, Safi. Kafin in ce alhamdu lillahi ya wuce masu kanwa."

Kimba ya duba ko'ina, ba mai kama mashi. An tafa, an shafa fatiha, ba yadda za a yi. Ya duƙa ya shafa tankin Kumandan, ya share mashi ƙasa da hannun riga. Da majiya ƙarfi suka zo ɗagawa sai ya daka masu tsawa:

"Kai! Ba a kwance ba! Kumandan ba zai bar garin ga a kwance ba!"

Aka ɗora shi bisa amalanke a tsaye. Da yake ba abin da zai riƙe shi, Kimba ya hau ya zauna bisa, ya kafa ƙafafu, ya kama kan moto. Cindo ya kaɗa jaki, rabin kasuwa na biye da su.

Hanya ta bi da su ta gaban fada. Ga ƙafar nan tsakiyar fili inda raƙumi ya dasa ta, reshe biyu cikin ƙasa, kai sama, ita kaɗai, ko karkacewa ba ta yi ba. Wani dattijo ma har ya rataya butarshi a kai.

Kimba na hango ta ya miƙe tsaye bisa moto, ya nuna ta da hannu, muryarshi ta dawo garau.

"Jama'a, ku duba da kyau! Wa ya sa ƙafar can? Ni! Ta faɗi? Zakiru, kai da ka yi karatun gareji, faɗa masu gaskiya: ka taɓa sa ƙafar da ta tsaya ko babu moto?"

Zakiru ya ce, "Ban taɓa ba, Baba."

"To ka ji! Cindo, kaɗa jakin ga da kyau, kar ka zubar da gwani."